Ranar da Na Goge Asabar

Zuwa ga 'yata Ummi,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki gaisuwar uba ga 'yarsa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ki cikin natsuwa, Ya tsare ki a tafiyar gobe da duk wadda za ta biyo bayanta. Na san za ki yi dariya ki ce me ya samu Baba, muna gida ɗaya, tsakanin ɗakinsa da nawa bai fi taku goma ba, amma sai da takarda? To, yi dariyarki. Duk Gumel an san ni da baki, zan iya sayar wa mutum bulo alhali ko fili bai mallaka ba. Amma maganar da ke cikin takardar nan shekara ashirin da biyu ke nan ina ɓoye ta, kuma na san in na ce zan faɗe ta ina kallon idonki, wata maganar zan ɗauko.

Kin tuna ranar da takardar ɗaukarki aiki ta zo? Muna zaune a tsakar gida bayan la'asar kina yi mana bayani, wai ke ce za ki riƙa gwada kankaren da kamfanin zai zuba a gada da kwalbati can Kaduna, in ba ki sa hannu ba aiki ba ya ci gaba. Na ji daɗi har na rasa inda zan sa kaina. Sai kika ce, "Baba, ka kwantar da hankalinka, ni dai ba zan zama irin Baffa Sale ba, ba zan ɓata sunan gidanmu ba." Ƙannenki suka kwashe da dariya. Mahaifiyarki tana tankaɗe, ta tsaya, ta ɗago kai ta dube ni. Sai da kuka watse sannan ta ce, "Alhaji, haka za ka bar yarinyar nan ta tafi da wannan magana a ranta?" Abin da ya zaunar da ni rubutu ke nan.

Bari in faro miki daga kakanki Malam Habu, wanda ba ki taso kin gani ba. Asalinsa mahaƙin rijiya ne. Lokacin da aka fara ɗaure rijiyoyin ƙauyukan nan da zobban kankare, ya yi wa masu aikin leburanci, ya zuba ido har ya gane awon siminti da yashi da tsakuwa. A zamanin jirgin ƙasa ne ke sauke siminti a Gagarawa Tasha, shi kuma ya ɗoro buhu biyu a kan jaki ya biyo shi da ƙafa har Gumel. Da zobban rijiya ya fara. Da mutane suka fara sha'awar ginin siminti, sai ya sa maƙeri ya ƙera masa akwatin buga bulo na ƙarfe. Wannan akwati guda ɗaya shi ya ciyar da mu, ya tufatar da mu, ya kai ni makaranta.

Buhun siminti ɗaya, bulo talatin yake fitarwa, ko wa ya zo, ko me ake ciki. Rairayin nan namu mai laushi ba ya taɓa shi, sai yashi mai kauri da ake ɗaukowa daga gaɓar kogi. Amma inda ya fi tsanani shi ne ruwa. Duk layin bulon da aka buga, sai ya ɗauki gawayi ya rubuta sunan ranar da ajami a jikin bulon farko. Safe da yamma ake ba layin ruwa, kuma ba ya barin filin sai wannan rana ta zagayo. Na Talata sai wata Talatar. Kin dai san yadda ruwa yake a ƙasar nan. Da bazara mu muna tsimin ruwan wanka, bulo kuwa yana shan nasa sau biyu a yini. Kakarki mai sunanki takan ce da ta sani da ta zo duniya a bulo, ta huta.

In mai saye ya zo, kafin a yi maganar komai, kakanki zai ce masa ya zaɓi bulo ɗaya da hannunsa. Sai ya ɗaga shi daidai ƙirji ya sake shi a ƙasa. In ya fashe, layin nan gaba ɗaya ba na sayarwa ba ne. Tun da na yi wayo ban taɓa ganin ya fashe ba. Da kika dawo hutu daga jami'a kina gaya mini wai malamanku sun ce kankare yana buƙatar ruwa aƙalla kwana bakwai, murmushi kawai na yi, don kakanki bai taɓa zama a aji ba.

Kuskurena na farko shi ne na raina wannan aiki tun mai shi yana raye. Na gama sakandare, kaina ya kumbura, na iya lissafi a takarda. Wata rana na same shi yana yayyafa ruwa, na ce, "Baba, masu bulon da suka buɗe a bakin tasha arba'in da biyar suke fitarwa a buhu, mu muna nan a talatin." Bai ko juyo ba, ya ce, "Garba, sauran sha biyar ɗin da me za ka kwaɓa su? Da surutu?" Leburori suka yi dariya, ni kuma na ƙullace shi a raina, na ce tsoho ne kawai da bai san zamani ya wuce shi ba. Ummi, inda za ki je za ki tarar da tsofaffin magina da ba su iya rubuta sunansu ba, suna yin wani abu da babu shi a littafinku. Kafin ki hana su, ki tambaye su dalili, ki kuma tsaya ki ji amsar har ƙarshe. Ni ban tsaya ba.

Da ciwon ajali ya kama Baba, ya kira mu ni da ƙanena Sale. Ni ya miƙa wa makullin rumfar siminti, ya ce, "Kai ne mai baki, riƙe masu saye." Sale kuma ya ba shi guntun gawayin da ke aljihunsa, ya ce, "Kai ne mai haƙuri, riƙe ruwa." Ba ki san Baffanki ba sai a bakinmu, don haka bari in gaya miki. Mutum ne da sai ka yi masa tambaya uku kafin ya amsa ɗaya. Tun muna yara in na yi ɓarna aka tsare mu, ni nake tsara bayani, shi kuma ya sunkuyar da kai, sai a ɗauka shi ne mai laifin. Na saba da haka tun ban san na saba ba.

Bayan rasuwar Baba kasuwa ta buɗe mana. Na sayi injin buga bulo, na sayi tifa, na sayi injin kwaɓa kankare. Muka shiga zuba dakin, wato rufin kankare na benaye, muna kai kwalbati har Sule Tankarkar, 'yan kasuwar Maigatari suna aiko mana, har daga tsallaken iyaka ana zuwa neman bulon gidan Malam Habu. Na je Makka, aka fara ce mini Alhaji. A nan ne na fara taɓa awon. Ban tashi daga talatin na faɗa arba'in da biyar rana ɗaya ba. Talatin da uku na fara, na ga babu abin da ya faru. Sai talatin da shida. Sai arba'in. Sale ya zo ya same ni a rumfa, ya shafa gefen wani bulo da babban yatsa, yashi ya zubo, ya ce, "Yaya, dubi." Na ce, "Kai dai ba shi ruwa, wannan ne naka." Ya koma ya ba shi ruwa. Jefa bulo a gaban mai saye kuwa na daina, na riƙa ce wa mutane wannan wasan mutanen da ne, yanzu inji ke bugawa. Gaskiyar ita ce tsoro nake ji. Ki riƙe wannan da kyau: duk ranar da kika ji zuciyarki tana neman hanyar kauce wa gwaji, to kin riga kin san abin da gwajin zai nuna.

Yanzu ga maganar da nake ta kewaya.

Kina goye lokacin. Ƙarshen bazara ne, hadari ya fara haɗuwa ta gabas, kowa na sauri ya rufe gininsa kafin ruwa ya sauka. Wani mai gina shaguna a Maigatari ya kwashe duk bulon da ya cika kwanakinsa, babu abin da ya rage a fili sai layukan da aka buga ranar Asabar. Ranar Litinin da hantsi sai ga wani manomi daga Ɗanzomo, Malam Idi, ya zo da motar haya da 'yan'uwansa masu lodi. Riɗinsa ya sayar don ya gina wa mahaifiyarsa ɗaki, saboda nata na ƙasa ya tsage, yana tsoron damina. Sale ya gaya masa a gabana, "Malam, babu wanda ya cika kwana. Ka dawo Asabar." Ya faɗi haka ya hau tifa ya tafi kai kwalbati Sule Tankarkar.

Malam Idi ya tsaya yana juya hula a hannu. Motar ba za ta sake dawowa ba, ya ce, in babu a nan sai dai ya leƙa bakin tasha. Wannan kalma ta bakin tasha ita ta rufe mini ido. Na ce masa, "Dakata, Malam, ina jin yaron nan bai duba layin baya ba." Na zagaya bayan rumfa inda ba a hango ni, na jiƙa tafin hannuna a duro, na goge Asabar ɗin da Sale ya rubuta, na tsinci gawayi na rubuta Litinin. Bulon kwana biyu ya zama na kwana bakwai. Na kira shi na nuna masa. Wani daga cikin 'yan'uwansa ya ce, "Alhaji, ba za a jefa ɗaya ba?" Kafin in buɗe baki Malam Idi ya ce, "Haba, a gidan Malam Habu? Rijiyar garinmu shi ya ɗaure ta, har yau ruwanta muke sha. Ku loda kawai."

Suka loda. Da na koma gida cin abincin rana, mahaifiyarki ta kawo mini ruwan wanke hannu, ta dubi tafina ta ce, "Alhaji, yaushe ka fara riƙe gawayi?" Na ce ta ba ni abinci in za ta ba ni. Ba ta sake tayar da maganar ba, amma ba ta manta ba. Sale kuwa da ya dawo da yamma ya tarar da layin babu komai, sai bulon farko mai rubutu da masu lodi suka bari a gefe. Ya tsuguna ya daɗe yana kallonsa. Ya san rubutun hannuna. Ya ce, "Yaya, a aika a gaya musu kada su yi gini da shi." Na daka masa tsawa a gaban leburori, na ce in shi ne babba a gidan nan ya gaya mini. Ya ɗauki bokiti ya koma wajen ruwa.

Da damina ta yi tsakiya, wata rana bayan azahar aka yi ruwa da iska. Bangon gabas na ɗakin da Malam Idi ya gina wa mahaifiyarsa ya jiƙe ya zubo ciki. Tsohuwar tana zaune a gindinsa tana tsince wake. Ba ta mutu ba, amma ƙugunta ya karye, kuma ba ta sake tsayawa da ƙafarta ba har Allah Ya karɓi abinsa bayan shekara uku.

Aka kira mu gaban mai gari da dattawan Ɗanzomo. Suka ajiye gutsuren bulon a tsakiya, wani dattijo ya murƙushe shi da hannu kamar ƙuli-ƙuli. Mai gari ya ce, "Alhaji, mun san mahaifinku. Me ya faru?" Ummi, a nan ne bakin nan nawa da ake yabo ya yi aikinsa. Ban ce Sale ne ya yi ba, na fi haka wayo. Cewa na yi, "Ranka ya daɗe, ni ina wajen masu saye. Kowa ya san wanda marigayi ya bar wa ruwa da gawayi." Duk aka juya aka dubi Sale. Shi kuma ni ya duba. Kallon bai fi na ƙiftawar ido ba, amma har yau ina ganinsa. Sannan ya sunkuyar da kai ya ce, "Haka ne, ni ne mai ruwa."

Na sake gina ɗakin da bulo mai kyau, na kai tsohuwar wajen mai ɗori, na riƙa aika mata da hatsi. Kin san abin da ya fi ci mini rai? Yabona aka riƙa yi. Ana cewa dubi Alhaji Garba, ƙanensa ya yi ɓarna shi yana gyarawa. Tsohuwar da kanta, tana kwance a tabarma, ta kama hannun nan da ya goge Asabar ta sa masa albarka. Na karɓa, na ce amin.

Sale bai yi mako biyu ba ya kwashe iyalinsa ya koma Gagarawa Tasha. Bai nemi rabon inji ko tifa ba. Tsohon akwatin ƙarfen Baba kaɗai ya ɗauka, wanda na jefar a bayan rumfa yana tsatsa. Da zai hau mota na ce masa, don mutane su ji, ƙofa a buɗe take duk ranar da ya so dawowa. Ya ce, "Na gode, Yaya. A riƙa ba su ruwa." Maganarmu ta ƙarshe ke nan. Mun haɗu a jana'iza sau uku, mu yi musabaha kowa ya kama gabansa.

Abin da ya biyo baya kin gan shi da idonki, sai dai labarin da aka ba ki ne ba daidai ba. Kun taso kuna jin cewa abin da Baffanku ya yi ne ya karya gidan nan. Ba haka ba ne, tafiyarsa ce ta karya shi. Da ya tafi babu mai tsayawa a kan ruwa. Lebura ya watsa bokiti biyu ya ce ya gama, ni kuma ba ni da bakin yi masa faɗa. Magina suka fara raɗa a tsakaninsu, aiki ya riƙa janyewa a hankali. Na sayar da tifa, injin kwaɓa kankare ya lalace ban gyara ba, rabin filin na ba masu sayar da katako haya. Yau akwai mutanen Gumel da ke wuce ƙofata su tafi Gagarawa Tasha sayen bulo wajen wani tsoho mai bugawa da hannu, wanda aka ce har yanzu sai ya sa ka zaɓi ɗaya ya jefa a gabanka. In an ba ni labarin sai in ce ai sauƙi yake yi musu.

A cikin duk abin da na yi, wanda na fi jin kunyarsa shi ne na gida. Ban taɓa zaunar da ku na ce Baffanku mugu ne ba. Amma kuna yara in kun tambayi me ya sa ba ma zuwa wajensa da salla, sai in yi ajiyar zuciya in ce, "Ku dai bari kawai." Na bar ku kuka ƙarasa sauran da abin da kuke ji a gari. Na raba ku da ɗan'uwan ubanku, na raba ku da 'ya'yansa waɗanda ko a hanya kuka haɗu ba za ku gane juna ba. Har na wayi gari 'yata, wadda na fi alfahari da ita, tana rantsuwa ba za ta zama irin mutumin da ya fi kowa gaskiya a zuriyar Malam Habu ba.

Don haka ga abin da nake roƙonki. Wata rana, kuma ba za a daɗe ba, wani babba zai tsaya a kanki da takarda. Ba zai zo da fuskar mugu ba. Zai ce damina ta matso, motoci na jira, kwana biyu ne kawai suka rage, me kwana biyu za su yi? Zai yiwu ma yana da kirki, yana da 'ya'ya, ana ce masa Alhaji. Ki dube shi ki tuna da ni a bayan rumfa da jiƙaƙƙen hannu. Kada ki sa hannu a kan ranar da ba ta yi ba. Wanda zai bi ta kan gadar nan bai san sunanki ba, ya yarda da ke ne kawai yadda Malam Idi ya yarda da gidanmu.

In kuma kika yi kuskure, don za ki yi, ki faɗa da bakinki a ranar, tun yana ƙarami. Kada ki waiwaya neman wani mai shiru-shiru a kusa da ke. Kowane wurin aiki yana da irin Sale, wanda ba ya iya kare kansa, kuma za ki ga ɗora masa ya fi komai sauƙi. Sannan ke ma kada ki yi irin shirunsa. Ya rufa mini asiri don ni ne babba, don sunan Baba, amma shirun nan bai gyara ni ba, sai ma ya ba ni shekara ashirin da biyu ina fakewa a bayansa. In babba ya so ya ɗora miki abin da ba ki yi ba, ki ce ba ke ba ce, cikin ladabi, a gaban kowa.

Sauran nasihohi, na salla a kan lokaci da kula da kai a garin da ba naki ba da yi wa gwaggonki da za ki zauna a gidanta a Kaduna biyayya, mahaifiyarki ta yi miki su, kuma ta fi ni cancantar yin su.

Na ba ki takardar nan yau ne, ba a tasha ba, don ki karanta tun kina gida, ki san wane ne zai raka ki. Na kama mana kujera biyu a motar Kano ta safe. Taki har Kano inda za ki shiga ta Kaduna, tawa iyakarta Gagarawa Tasha. Na aika wa Malam Idi, yana nan da ransa, na roƙe shi ya same ni a can da hantsi tare da duk wanda ya rage cikin dattawan da suka zauna a ranar. A gaban mutane na ɗora wa Sale, a gaban mutane zan sauke masa. Ban san ko zai dube ni ba. Ban san me Malam Idi zai ce ba in ya ji wane hannu uwarsa ta sa wa albarka.

Na yi magana da direba zai tsaya minti goma. In kin ga za ki iya, ki sauko tare da ni ki durƙusa ki gaishe da Baffanki, ki gaya masa aikin da kika samu. Duk zuriyarmu babu wanda zai gane darajarsa kamar shi. In kuma kin ji ba za ki iya zama kusa da ni a mota ba, ki gaya wa mahaifiyarki, zan koma kujerar baya, ba zan ga laifinki ba.

Allah Ya kai ki lafiya, Ya tsare gabanki da bayanki, Ya haɗa ki da mutanen kirki, Ya kare ki daga sharrin mai sharri da kuma sharrin gaggawa. Allah Ya jiƙan Malam Habu da tsohuwar Ɗanzomo. Ya sa hannunki ya fi na ubanki tsabta. Kin ce ba za ki zama irin Baffa Sale ba. Ni kuwa addu'ar da zan bi ki da ita kullum ita ce Allah Ya sa ki zama irinsa.

Wassalamu alaikum.

Mahaifinki,
Garba